Nawa Tsohon Keken Tsere Marar Birki Zai Yi? Yadda Ake Yanke Masa Kuɗi

A cikin tsofaffin kekunan da ake lodowa daga Japan da Turai ana saukewa a kasuwanninmu, wata rana mutum zai iya cin karo da wani siriri wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Babu birki, babu kariya, babu madigadi, giya ɗaya ce tal. Ƙahonsa ya lanƙwasa ya yi ƙasa sosai, tayoyin kuma 'yan sirara. Ka tura shi gaba, feda ta riƙa juyawa da kanta, ka ja shi baya, ta juya baya. Wanda bai sani ba zai ɗauka firiwil ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi.

Keken filin tsere ke nan. Ana hawansa a wata da'ira ta musamman mai daɓen katako ko siminti, irin wadda ke cikin babban filin wasa na Abuja. Wadda ake gasar Olamfik a kanta yawanci zagayenta mita 250 ne, kuma a kwana daɓen yakan jirkice ya wuce digiri 40. Mahaya suna gudu taya na kusan taɓa taya, don haka birki a wurin haɗari ne, mutum ɗaya ya danna duk na bayansa sun zube. Ƙaramin faifan sarƙa na baya a ɗaure yake tamau da hob, wato tulun tsakiyar taya, aka kuma bi shi da wani zobe mai tiredin hagu don kada ya kwance. Muddin taya na juyawa ƙafa na juyawa. Da ƙafar ake ƙara gudu, da ita ake rage shi.

Irin wannan keke idan ya tsufa babu wani kundi da za ka buɗe ka ga farashinsa. Guda biyu za su tsaya gefe da gefe, launi ɗaya, siffa ɗaya, ɗaya bai fi kuɗin keken zuwa kasuwa ba, ɗayan kuma a biya dubban daloli a kansa. Abin da na fahimta shi ne mai sayen tsohon keken tsere tabbaci yake saye. Yana son ya san wa ya ƙera firam ɗin, yaushe, da wane ƙarfe, kuma me ya same shi tun daga ranar. Duk abin da ya amsa masa waɗannan tambayoyi ƙarin kuɗi ne a gare ka, duk abin da ya jefa shi cikin shakka ragi ne. A kan wannan ma'auni ake ɗora sauran lissafin.

Na filin tsere ne da gaske?

Wannan ce tambayar farko, domin a tsakiyar shekarun 2000 yayin keke mai kafaffiyar giya ya tashi a biranen Amurka da Turai da Japan. Masu kai saƙo a kan keke a New York da San Francisco ne suka daɗe suna hawansa, samari suka gani suka ɗauka. A lokacin an kwashi tsofaffin kekunan titi masu yawa aka cire musu giya da birki, aka sa musu tayar baya mai kafaffen faifai. Waɗannan juyayyu ne, kuɗinsu kuɗin tsohon keken titi ne, sau da yawa ma ƙasa da haka idan an yanke masa 'yan ƙarafan da wayoyi ke bi.

Gane su ba wuya. Duba bakin da ake zura tayar baya. A keken filin tsere bakin baya yake kallo, ana zura taya daga baya a ja ta har sarƙa ta yi tauri. A tsohon keken titi gaba yake kallo. Sa ma'auni tsakanin bakunan biyu: na filin tsere milimita 120 ne, wasu tsofaffin na Japan 110. Sarƙarsa yawanci mai faɗi ce, ɗaya bisa takwas na inci. Ba za ka ga ramukan ɗaura gorar ruwa ba, ba mazaunin wayar giya, tsakanin taya da firam kuma da ƙyar yatsa zai shiga. Ramin birki a fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ba koyaushe yake nufin ɓarna ba, don a Ingila an ƙera firam da yawa da ramin tun asali, saboda mai shi kan hau shi ya je filin ko ya yi tseren agogo a kan titi, wanda ake auna lokacin kowane mahayi. Amma firam ɗin tseren keirin, wato tseren kekunan caca na Japan, da ka gan shi da rami, wani ne ya huda shi daga baya, kuma mai saye zai rage kuɗi a kai.

Sai kuma kekunan da kamfanoni suka zuba a kasuwa lokacin yayin, irin su Bianchi Pista mai ƙyalli na shekarun 2000. Kekuna ne masu kyau, na filin tsere ne a siffa, amma an yi su da yawa ainun. Sunan Bianchi tsoho ne, keken kuwa ba tsoho ba ne.

Wa ya ƙera shi

A nan ne kuɗin yake, kuma a nan ya kamata a daɗe. Bari in ɗauki kekunan keirin na Japan, domin su ne suka fi yawo a kasuwar tsofaffi, kuma labarinsu ya fi nuna yadda suna ke zama kuɗi.

An fara tseren keirin a Kokura a 1948. Tsere ne na caca, jama'a suna zuba kuɗi a kan mahaya kamar yadda ake yi a sukuwar dawaki a wasu ƙasashe. Tunda kuɗin mutane ne a ciki, hukuma ta ga dole a hana wani ya ci tsere saboda kekensa ya fi na abokan karawarsa, a kuma hana kaya su karye a tsakiyar gudu. Shi ya sa aka ƙa'ide komai. Firam na maza dole ya zama na ƙarfe daga hannun maƙerin da aka amince da shi, kowace taya sifoki 36, kuma kowane kaya daga ƙaho har sarƙa sai an buga masa hatimin NJS, gajeren sunan hukumar tseren. Hukumar da ke da wannan suna ta koma JKA a 2008, hatimin dai yana nan. Sakamakon haka, yayin da duniya ta koma alminiyam da kabon, a Japan aka ci gaba da ƙera firam na ƙarfe da hannu, ana haɗa bututu da bututu a cikin mahaɗai ana like su da narkakkiyar tagulla.

Mutane da yawa suna ganin hatimin NJS sai su ɗauka sun tsinci dami a kala. Hatimin shaida ce cewa an amince da kayan a filin keirin, bai ce abin yana da wuyar samu ba. Mahaya fiye da dubu biyu ne ke wannan sana'a, kowa yana canza firam, tsofaffin kuma suna fitowa kasuwa kullum. Firam ɗin Bridgestone, wanda daga baya ake rubuta wa Anchor, da na Panasonic, aiki ne mai inganci amma suna da yawa, don haka su ne a matakin ƙasa na farashi. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne hannun da ya yi aikin.

Ɗauki Yoshiaki Nagasawa. Ya je Italiya ya koyi aiki wurin Sante Pogliaghi da Ugo De Rosa, ya dawo ya buɗe maƙerarsa a yankin Osaka. A kan firam ɗinsa Koichi Nakano ya yi suna, mutumin da ya ci kambun duniya na gudun gajeren zango na ƙwararru sau 10 a jere, daga 1977 zuwa 1986. Duk wanda ke neman Nagasawa yau wannan tarihi yake biya, tare da tsaftar aikin da ake gani a bakin kowace mahaɗa. Ko ka ɗauki 3Rensho na Yoshi Konno. A 1995 ya yi haɗarin mota da ya shanye masa jiki, kamfanin ya rufe. Ba za a ƙara ƙera ko guda ɗaya ba, waɗanda ke duniya kuma kullum raguwa suke yi, wani ya karye, wani tsatsa ta ci. Masahiko Makino, wanda ya yi aiki a wurinsa, ya ci gaba da sunan kansa, firam ɗin Makino ma ana girmama su. Haka Kalavinka na Akio Tanabe a Tokyo, da Cherubim, gidan da Hitoshi Konno ɗan'uwan Yoshi ya kafa a 1965.

A Italiya sunayen da ake bi su ne Cinelli, Colnago, De Rosa, Masi, Pogliaghi da Rossin. A Ingila akwai Hetchins mai mahaɗai masu zane, da Bob Jackson da Mercian. Waɗannan gidaje kekunan titi suka fi yi, na filin tsere kaɗan ne, kuma wannan ƙarancin yakan sa na filin ya fi ɗan'uwansa na titi tsada.

To amma sitika kowa na iya saye ya manna. Masu buga sabbin sitikun tsofaffin kamfanoni suna nan a intanet, kuma an sha manna babban suna a kan firam ɗin da ba a san asalinsa ba. Shaidar da ake yarda da ita ita ce wadda ke jikin ƙarfe. Juya keken ka duba ƙarƙashin gidan feda, nan ake buga lamba, nan ne hatimin NJS yake a firam ɗin keirin, wasu maƙera kuma sukan sa shekara a cikin lambar. Colnago yakan huda alamar ganye mai kunne uku a mahaɗai ko a ƙarƙashin gidan feda, De Rosa alamar zuciya. Da yawa sukan sassaƙa suna a kafaɗar fok ko a kan siraran sandunan baya inda suka haɗu da mazaunin sirdi. Auna faɗin gidan feda: na Italiya yawanci milimita 70 ne da tiredin Italiya, na Ingila da Japan 68. Idan sitika ta ce Milan amma gidan feda ya ce 68, sai a tsaya a ƙara bincike. Zaro sandar sirdi ka karanta lambar da ke jiki. Idan 27.2 ce ko kusa da haka, bututun mai siririn bango ne, irin su Reynolds 531, Columbus, Tange, Ishiwata ko Kaisei. Idan 25 da 'yan kai ce, bututu ne mai kauri na keken yau da kullum, ko me sitika ta ce.

Lafiyar ƙarfe

Keken tsere ya sha faɗuwa, musamman na keirin inda ake gogayya kafaɗa da kafaɗa. Mahayi kan ajiye firam ɗin da ya faɗi da shi ya karɓi sabo, tsohon kuma ya bi hanya ya shigo kasuwa. Saboda haka ba a duba shi da ido kaɗai, sai an sa hannu.

Shafa yatsunka a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daidai bayan gajeren bututun gaba da fok ke ratsawa. Idan ka ji ɗan tudu ko tattara, ko ka ga fenti ya tsage a zagaye kamar zobe, keken ya taɓa yin karo da goshi, firam ya tanƙware. Wannan ya tashi daga abin hawa ya koma abin ratayewa, sai dai in za a canza bututu, aikin da kuɗinsa kan fi ƙarfin firam ɗin. Tsaya a gefe ka kalli fok, ya kamata sashensa na sama ya bi layi ɗaya da bututun gaba. In ya koma baya, labarin ɗaya ne. Sannan ɗauko zare mai ƙarfi, ɗaura a bakin tayar baya na dama, zagayo da shi ta gaban bututun gaba, ka dawo ka ɗaura a na hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In gefe ɗaya ya fi ɗaya da milimita biyu ko uku, bayan keken ya karkace. Wannan ana iya miƙar da shi a firam na ƙarfe, ragi ne kaɗan.

Akwai wata lotsawa da kusan ta zama tambarin waɗannan kekuna, a gefen bututun sama kusa da gaba. Babu wayar birki da za ta tare ƙaho, don haka idan keken ya faɗi ƙahon kan juyo ya doki bututun. 'Yar ƙarama marar kaifin baki ba ta hana hawa, amma tana rage kuɗi, kuma ɓoye ta a hoto shi ne hanya mafi sauri ta sa a dawo maka da kaya. Tsaga kuwa, a bakin mahaɗa ko kusa da gidan feda ko a kunnen da ke matse sandar sirdi, magana ce babba. Haska tocila cikin bututun sirdi ka ga tsatsar ciki. Jan ƙura-ƙura ba komai, ɓawo mai faɗowa matsala ce. Gwada kwance sandar sirdi da mariƙin ƙaho, domin alminiyam da ƙarfe sukan manne idan sun shekara ba giris, kuma mai saye zai cire kuɗin wahalar raba su.

Firam mai faɗin 110 yana da nasa tarko. Bakinsa ƙunci ne, milimita 8, hob na musamman yake ɗauka. Wasu kan goge bakin da magagari su buɗa shi don hob na yau ya shiga. Keken zai hau, amma ya rabu da yadda maƙerinsa ya bar shi, masu tara tsofaffi kuma suna lura.

Maganar fenti ita ce wadda na fi damuwa da ita, domin a nan ne mutum ke yi wa kansa asara da kyakkyawar niyya. Ya ga fenti ya dushe, ya ɓantale nan da can, sai ya kai wa mai fentin mota a kankare a fesa sabo don ya yi kyau a ido. Abin da ya yi daidai yake da goge sa hannun shaidu daga takardar cinikin gona don takardar ta yi fari. Tsohon fenti shi ke nuna cewa ba a taɓa yi wa firam walda ba, ba a cike lotsawa da ƙullun masu gyaran bodi ba, sitikun na asali ne. A firam ɗin keirin sau da yawa har sunan mahayin yana rubuce a bututun sama da haruffan Japan. Sabon fenti mai kauri yana cike lambar da ke ƙarƙashi, yana dusashe kaifin mahaɗai, mai saye kuma dole ya tambayi kansa me aka rufe. A wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shafa man goge fenti, a ɗiga mai a inda ƙarfe ya fito, a bar shi haka. Ana sake fenti ne kawai idan tsatsa na cin ƙarfen, shi ma a ɗauki hotuna kafin a taɓa.

Kayan jiki suna da nasu kuɗi, wani lokaci har su fi firam. A keken Japan ana neman kurank na Sugino 75 ko Shimano Dura-Ace na filin tsere ko Suntour Superbe Pro, ƙaho da mariƙinsa na Nitto, feda ta MKS, sarƙar Izumi, boris na Hatta, rim na Araya, sirdin Kashimax. A na Italiya sarki shi ne Campagnolo Record Pista. Suna kuma taimakawa wajen gane shekara. Shimano yakan buga haruffa biyu a bayan kayansa, na farko shekara, na biyu wata, inda A ke nufin 1976. Campagnolo yakan sa lamba cikin alama mai kusurwa huɗu a bayan kurank na shekarun 1970, cikin da'ira a na 1980, a notin hob kuma lambobi biyu na shekara. Idan duk kayan suka nuna shekara ɗaya ko biyu, kuma ta dace da firam, to keken bai taɓa rabuwa da kayansa ba, wannan kuma daraja ce ta daban. Tayoyin da ake mannawa a rim da gam, in sun tsufa, ba a lissafa su a komai.

Girma kuwa ana auna shi da tsawon bututun sirdi. Na tsakiya ya fi saurin samun mai saye. Firam ɗin keirin yawanci ƙanana ne zuwa matsakaita, don haka babba daga maƙeri mai suna yakan yi tsada a Turai da Amurka inda dogaye ke nemansa. A faɗi yadda aka auna, daga tsakiya zuwa tsakiya ko zuwa bakin sama, don bambancin ya kai santimita ɗaya ko fiye.

Game da "keken wane ne", sai da hujja. Keken da Colnago ya ƙera wa Eddy Merckx, wanda ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a kansa a birnin Meksiko a 1972, yana ajiye ana kallo a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai sunansa a Brussels. Irin wannan ba shi da farashin kasuwa. Amma firam mai sitikar Merckx dubbai ne, domin ya buɗe kamfanin kekuna a 1980. Cewar mai sayarwa wani zakara ya taɓa hawa, ba hoto, ba takarda, ba lambar da ta dace, ba ta ƙara ko sisi.

Lissafin kansa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba abin da masu sayarwa suka rubuta. Kowa na iya sa wa kayansa dala dubu uku ya zauna shekara ba wanda ya taya. Abin nema shi ne nawa aka biya aka ɗauka. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, yakan nuna na 'yan watannin baya. Lura da farashin da aka ja wa layi a tsakiya, ma'anarsa an yi ciniki an sallama ƙasa da haka. Ga kayan keirin, gwanjon intanet na Yahoo na Japan da kasuwar Mercari su ne tushe, a can ne dillalan da ke sayar wa Turawa suke sari, don haka farashin can kan zama ƙasa.

Kada a dogara da tsohon labari. Kuɗin waɗannan kekuna ya tashi sosai lokacin yayin shekarun 2000, ya sauka da yayin ya lafa. A 2020 annobar korona ta sa kowane irin keke ya yi tsada, bayan shekara biyu zuwa uku shaguna suka cika da kaya farashi ya faɗi. Wanda ya ce maka ya ga an sayar da irinsa kaza, tambaye shi wace shekara.

Ga misali, lambobin na ƙaddara su ne don a ga yadda ake yi. A ce ka sami firam biyar na maƙeri ɗaya masu kusan girman naka da aka sayar a dala 450, 520, 600, 640 da 1,100. Na 1,100 ka buɗe hotunansa, galibi za ka tarar ko ba a taɓa hawansa ba ko mutum biyu ne suka yi ta ƙari a gwanjo. Ajiye shi gefe. Sauran sun nuna maka fili tsakanin 450 da 640. Yanzu ka tambayi kanka tsakani da Allah wanne ne naka ya fi kama da shi. Idan yana da 'yar lotsawa da ɓantalewar fenti, sa shi a 500. Bi kayan jiki ɗaya bayan ɗaya haka nan, a ce kurank 120, tayoyi da hob 200, ƙaho da mariƙi 80, sirdi da sandarsa da feda 100. Jimilla 1,000.

Wannan dubu ita ce rufin ɗaki, kuɗin da za ka tara in ka wargaza keken ka sayar gunduwa-gunduwa, ka jira kowane yanki ya sami mai shi. Keke a haɗe kusan koyaushe ƙasa da haka yake tafiya, domin mai saye firam yake so, kayan kuma yana da nasa ra'ayi. A ce 800. Daga ciki za a cire la'adar kasuwar intanet, a ƙaddara dala 100, da kwali da kuɗin aikawa. Kwalin keke babba ne, kamfanonin jigila kuma girma suke aunawa ba nauyi kaɗai ba. In ka ƙaddara 250, abin da zai shiga aljihunka 450 ne. Ko da an ce mai saye ne zai biya jigila, daga tayinsa zai cire.

Duk da lissafi ya nuna wargazawa ta fi riba, ni ban goyi bayan a wargaza keken da ya zo da kayansa na asali ba. Wanda aka harhaɗa daga nan da can, a raba shi ba laifi. Amma Nagasawa ko Cinelli da ya shekara arba'in da kayan da aka ɗaura masa ranar farko, in aka raba shi ba mai sake haɗawa, kuma a irin wannan mataki masu tarawa sukan biya ƙari saboda cikarsa.

Ga mai keken da ke Kano ko Maraɗi ko Tamale akwai ƙarin nauyi. A kasuwar gida mai sayen keke birki yake nema da kariya da tayar da za ta jure rami, don haka zai taya wannan ƙasa da keken talaka, kuma ta fuskarsa yana da gaskiya. Masu hawan filin tsere kaɗan ne, waɗanda ke gasa kuma na zamani suke so. Mai saye na gaske yana ƙetare, ko cikin 'yan tsirarun masu sha'awar kekuna a Legas da Abuja da Akra. Na ƙetare zai yi ɗari-ɗari da mai sayarwar da bai sani ba a ƙasa mai nisa, jigila ta fi tsada, karɓar kuɗi ma aiki ne. Abin da ke rage wannan shakka hotuna ne masu haske da aka ɗauka da rana: keken gaba ɗaya ta gefen sarƙa, lambar ƙarƙashin gidan feda, kowace mahaɗa, bakin tayar baya da ma'auni a kai, bayan kurank, da kowane tabo ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. Aika firam da fok kaɗai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kwalin ƙarami ne, shi ya sa a keken da kayansa ba na asali ba ne wannan ce hanyar da ta fi.

Idan dillalin da ya san kan abin ya zo ya taya rabin farashin da ka gani a intanet, kada ka yi saurin cewa albarka. Shi zai ɗauki jigila da la'ada da jiran watanni da haɗarin a dawo masa da kaya. Kwatanta tayinsa da 450 ɗin da zai rage maka bayan an cire komai, ba da 1,000 ba. In ya ba ka 400 a hannu yau, tazarar dala 50 ce, kuma a kanta za ku yi ciniki.